Balbelar Idi Tela

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi, wanda Bebeji ta sani da Idi Tela. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye, don ban san ta inda zan faro ba. Bana na sani, domin bana ne na yi wa jirginsa abin da na yi.

Mai karatu zai ce me ya haɗa tela da jirgin ruwa, kuma a ƙasar Kano. Ɗinki ne ya haɗa su. Bayan an gama dam ɗin Tiga ruwa ya taru, wasu Turawa mazauna Kano suka riƙa zuwa hutun ƙarshen mako da ƙananan jiragen da iska ke turawa. Ɗaya daga cikinsu yana da wanda ya fi saura girma, fari tas, tsawonsa ya kai na ƙaramar bas. Wata rana hadari ya yaga masa babban ƙyallen da ke kama iska, aka ce masa akwai wani tela a Bebeji da ba ya mayar da aiki. Haka aka kawo wa Baba abin a naɗe a bayan mota.

Baba ya shimfiɗa shi a tsakar gida, ya ga ya ƙi kwanciya. Ko ta ina ya ja, sai tsakiyar ta tashi ta yi tumbi. Ya girgiza kai, ya ce ashe su ma Turawa suna da telolin banza. Saboda son a yabe shi, bai tsaya a ɗinke yagar ba. Ya farke ɗinkin gaba ɗaya, ya rage, ya daidaita, ya mayar da ƙyallen shimfiɗaɗɗe sumul kamar zanin gado. Inna ta ce ranar har tuwo ya ƙara don jin daɗin kansa.

Baturen bai yi faɗa ba. Ya sa Baba a mota ya kai shi bakin ruwa, ya ɗaura ƙyallen, suka shiga. Muddin iska tana bayansu jirgin yana tafiya. Da aka juyo za a dawo sai ya tsaya yana kaɗa ƙyalle yana zamewa gefe, ya ƙi gaba. Nan Baba ya gane cewa tumbin nan da ya cire shi ne aikin, da gangan aka yanka shi haka. Ya koma gida ya sake farkewa, ya mayar da tumbin da hannunsa, ya kai aka gwada, ya dawo ya ƙara, har jirgin ya yarda. Kafin ya gama gyara ɓarnarsa ruwa ya riga ya shiga ransa. Shekarun da suka biyo baya, duk Asabar keken ɗinkinsa a rufe yake. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu bai sami mai saye ba, ya bar wa Baba jirgin.

Akwai suna a rubuce a gefensa wanda babu mai iya faɗa a cikinmu. Baba ya raɗa masa Balbela, tun daga nan kuma muke kiranta da ta. Ƙyallen kuwa riga yake ce masa, babbar riga a baya, ƙarama a gaba. Dogon sandan alminiyam da ake ɗaga su a kai mutane suka sa masa falwaya, shi ma ya bi su.

Ni ce Rakiya, ta uku a gidan, kuma ni kaɗai ce Balbela ta karɓa. Yaya Sani, babbanmu, sau ɗaya ya shiga. Da jirgin ya karkata ya rungume falwaya yana salati, da aka sauke shi ya rantse ba shi ba ruwan da ya wuce na buta. Har yau idan ina son in ɓata masa rai nakan tambaye shi ko ya saki falwayar. Ni kuwa da ta karkata dariya na yi. Mutane sun yi surutu a kan tela mai yawo da 'ya mace a tsakiyar ruwa, Inna ma ta yi nata. Baba ya ce shi wanda ba ya amai yake nema, bai tambayi namiji ko mace ba.

Bari in faɗa muku yadda take, don nan gaba ba za a sami mai faɗa ba. Jikinta ba katako ba ne, ba ƙarfe ba, faiba ce da aka zuba a ƙira guda, babu haɗi babu ƙusa. Gara ba ta cinta, tsatsa ba ta kama ta, ruwa ba ya ruɓar da ita. Hancinta siriri ne mai tsini, ta buɗe a tsakiya, ta sake tsukewa a baya. Wanda ya zana ta ya so abu biyu a lokaci guda, tsere da zama. Shi ya sa daga waje sai ka ce ba a yi ta don komai ba sai gudu, amma idan ka sunkuya ka shiga ciki ka tarar da ɗaki: gadaje a jikin bango, ɗan risho, wurin wanke kwano, har da makewayi. Mu da muka taso a ɗakin ƙasa, abin ya fi ɗakin Inna tsari, ko da yake ba mu taɓa faɗa a gabanta ba.

Amma asirinta yana ƙasa, inda ido ba ya gani. A ƙarƙashin cikinta akwai wani faffaɗan abu kamar fiffiken kifi, ya miƙa cikin ruwa kusan tsayin ƙirjin mutum, cike da dalma. Baba yana kiransa ƙafa. Ƙafar nan ce ke hana ta zamewa gefe, ita ce ke sa ta iya tafiya inda iska take fitowa. Ba ta tunkarar iska gaba da gaba. Takan yanka ta a karkace, ta yi dama, ta juya ta yi hagu, a haka a haka sai ka ga ka isa inda masu kwalekwale suka ce ba a zuwa yau. Kuma ƙafar ce ke tsayar da ita. Idan iska ta danne riga, Balbela takan kwanta har ruwa ya lashi gefenta, daga nan ta cije, ko an ƙara iska ba ta ƙara kwanciya. Idan abin ya yi yawa za ka ji sandar tuƙi tana jan hannunka. Ka sake ta kawai, ita da kanta za ta juya hanci cikin iska ta miƙe tsaye tana jiranka. Ban taɓa ganin abin hannu mai haƙuri da kuskuren mutum kamarta ba.

A iska maras ƙarfi ma ba ta da ƙiwa. Wadda ba ta isa ta motsa mayafi ba ta ishe ta ta fara tafiya, ka ji ruwa yana ɗan ƙara a hancinta. Baba ya koya mini in daina kallon riga, in ji iska a bayan kunnena. Da damina, idan muka nufi kudu duwatsun Doguwa suna gabanmu shuɗi-shuɗi, yakan bar mini sandar ya kishingiɗa yana jan carbi. Ban ƙara samun natsuwa irin wannan ba, ko a gidan aure ko a wurin aiki, kuma ba na jin zan samu.

Wata rana na tambaye shi me ya sa ba za a cire wannan uban nauyi ba don ta ƙara gudu. Ya tashi zaune, fuskarsa ba wasa. Ya ce, "Kwalekwale gindinsa a baje yake, shi ya sa yake zama. Ita wannan cikinta a zagaye yake kamar tulu. Ranar da aka cire mata ƙafa aka zuba mutane a kai, makara ce. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Shekaru suka ja. Na yi aure, aikin koyarwa ya kai ni Tudun Wada. Idon Baba ya fara rauni, rigar jirgin da ya yi ta yi wa faci har facin ya fi asalin yawa ta fara yagewa da kanta. Ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, Balbela tana ɗaure a wani lungun ruwa kusa da sansanin masunta.

Da aka zo rabon gado, malamin da ya raba ya yi iya ƙoƙarinsa, ba na zarginsa. Gona an san yadda ake yi da ita, keken ɗinki ma haka. Jirgi kuwa babu wanda ya taɓa gadonsa a garin, babu mai saye, don haka aka bi shi gaɓa-gaɓa. Falwaya ta faɗo a rabon Yaya Sani, ya ba da ita sadaka ga masallacin unguwa aka ɗaura lasifika a kai, don lada ya kai wa Baba. Wa zai buɗe baki ya ce a'a ga wannan? Riguna suka tafi shanyar barkono, rana ta cinye su a kaka biyu. Igiyoyi suka koma turken awaki. Risho da katifu suka shiga ɗakin Inna. Gangar jikin da ƙafarta, da yake ba mai iya ɗagawa, aka ce Rakiya ta ɗauka tunda ita ce mai so.

Na yi shekaru ina yaudarar kaina cewa zan tayar da ita. Na tambayi masu walda ko za su iya yin falwaya, suka nuna mini bututun ƙarfe mai nauyin da zai kifar da ita. Na kai wa teloli zanen riga, kowa ya ce zai yi, kowa kuma shimfiɗaɗɗiya yake nufi, irin kuskuren Baba na farko, ba kuma wanda zai ɗauke su a mota ya nuna musu. 'Ya'yana na kai su su gan ta, suka ɗauki hoto da waya suka tambaye ni yaushe za mu tafi. Ruwan ma ya canja. Laka da yashi sun cike lungun, inda da ake nitso yanzu yaro yana tsayawa. Da rani Balbela takan kwanta a gefe ɗaya cikin taɓo, ƙafarta a waje. Da damina ta ɗan taso, ta sake kwanciya.

Wanda ya sa mata ido duk shekarun nan shi ne Sarkin Ruwa Haladu, shugaban masuntan wurin, abokin Baba. Ba don shi ba da tuni 'yan gwangwan sun gama da ita. Shi ya sa da ya zo gidana bayan ƙaramar salla tare da Yaya Sani, na shimfiɗa musu babbar tabarma, na san ba gaisuwa kaɗai ta kawo su ba.

Bayan an gaisa an tambayi iyali, ya ce, "'Yar Idi, alfarma muka zo nema. Katako ya ƙare a daji, wanda ake samu yanzu damina biyu ya ruɓe. Mutanen ƙetare da kwalekwale suke zuwa kasuwa, mata da goyo, ana tafiya ana kwarfe ruwa. Ga jirgin babanki yana kwance, ba ya yoyo. Ki ba mu, mu yanke wannan ƙafa da ke hana shi zuwa gaɓa, mu sa masa inji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka yanke ƙafar kifewa za ta yi."

Ya yi murmushi irin na manya. "Malama, abin da aka rage wa nauyi ai sama yake ƙara yi. A ruwa aka haife mu."

Na kawo tulu da bahon wanki na gwada musu a tsakar gida. Na faɗa musu maganar Baba kalma da kalma. Sarkin Ruwa ya saurara da ladabi har na gama, ya ce tulu daban jirgi daban. Yaya Sani ya ce, "Ke dai Rakiya ki ce ba kya son bayarwa. Abin da zai zame wa Baba sadaka mai gudana kin bar shi yana kwance kwaɗi suna haihuwa a ciki." Wannan magana ta yi mini ciwo, don rabinta gaskiya ce. Buƙatarsu ta gaske ce, ba kwaɗayi ya kawo su ba. Kuma duk abin da suka sani game da ruwa daidai ne a kan kwalekwale. Ni kaɗai na rage a duniyar nan da na taɓa jin yadda Balbela ke cijewa idan ta kwanta, na san daga ina cijewar take fitowa, kuma ba ni da hanyar sa wani ya ji abin da hannuna ya ji.

Na nemi a bar ƙafar a sa injin haka. Aka ce ba za ta matso gaɓa ba, sai dai mata su shiga ruwa har wuya kafin su hau. Wannan ma gaskiya ne. Muka rabu ba a daidaita ba.

Bayan 'yan makonni na je duba ta, na tarar da sawun zarto a jikin ƙafar. An fara, an gaji, an bari. Sarkin Ruwa ya rantse ba da saninsa ba, na kuma yarda. Amma ya tsufa, samarin ba sa jin maganarsa kamar da, kuma wani a cikinsu ya riga ya sayi inji. Na tsaya a cikin taɓon na lissafa abin da zai faru. Wata ranar kasuwa za a cika ta da mutane, su hau rufin ɗakin su zauna don nan ne ba jiƙewa, buhuna a gefensu. A tsakiyar ruwa iskar gabas ta taso gaban hadari, kowa ya matsa gefe guda. Ba za ta cije ba. Kuma za a ce jirgin Idi Tela ne.

Akwai wani Arɗo Buba da rugarsu take kan hanyar Kiru, Fulanin da suka zauna suna noma suna kiwo, Baba ne yake yi musu ɗinkin salla. Ya taɓa yi mini kukan cewa da rani shanu suna maƙalewa a laka kafin su kai ga ruwa, sun haƙa rijiya amma kwamin shayarwa na katako ba ya daɗewa. Na aika masa. Na nemo mai tarakta da mai walda.

Ƙafar muka fara kwancewa, na ce a kai wa Sarkin Ruwa dalmar su narka su yi wa taru da birgi nauyi. Aka ja gangar jikin zuwa bakin rijiyar Arɗo, tana jan ciki a ƙasa tana ƙara. Aka yanke rufin ɗakin. Mai walda ya ce a bar ta haka, kwami ɗaya babba ya fi kyau. Na ce a'a, wanda aka jawo yau ana iya mayar da shi gobe. A raba ta biyu ta tsakiya, a toshe kowane rabi da bulo da siminti. Ya ce to in nuna masa inda zai bi. Da ma na zo da allin tela a jakata. Na auna da igiya daga hanci, na auna daga baya, na ja layi tun daga wannan gefe, na bi ta ƙarƙashin ciki har wancan. Na gama, na ja da baya. Da injin yanka ya shiga, farar ƙura mai ƙaiƙayi ta tashi ta rufe mu, kowa yana share ido, don haka babu wanda ya tambaye ni komai.

Sarkin Ruwa ya karɓi dalmar, amma ya aiko mini da saƙo: na hana mutane na ba shanu. Yaya Sani yana amsa gaisuwata a taƙaice. Mutanen ƙetare kuwa suna nan suna hawa ruɓaɓɓen katako, ana tafiya ana kwarfe ruwa, kuma duk ranar da hadari ya haɗu gabana yana faɗuwa. Ban ceci kowa ba, kada wani ya yi mini wannan shaida. Abin da na yi kawai shi ne na cire sunan mahaifina daga cikin abin da nake tsoron zai faru, kuma na san wannan ba abin alfahari ba ne.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Da ya ga ruwan da ya yi yawo a kai ya koma taɓo, da ya ga babu ko ƙyalle ɗaya a tsaye a kan Tiga, da ya ga jikokinsa ba wanda ya san ta ina iska take zuwa sai an duba waya. Mutum ne da ya yarda cewa duk abin da aka ɓata ana iya farke shi a sake ɗinkawa. Ni ban gaji wannan yardar ba, ko kuma na gada ta ƙare mini a hanya.

Me ya rage nasa? Kekensa yana wurin wani ƙanenmu, an sa masa injin lantarki. Falwaya tana nan a masallaci, kuma ba wanda ya kula ya cire 'yar wayar da ake jan riga da ita. Idan na je Bebeji iskar la'asar ta taso, nakan ji wayar tana bugun sandan, ƙal, ƙal, ƙal, irin ƙarar da idan Baba ya ji yake cewa in ɗauko takalmina. Mutanen unguwa ba sa ma jin ta. Abin da ya koya mini yana nan a bayan kunnena da tafin hannuna, kuma tare da ni za a binne shi. Faibar ce kaɗai za ta daɗe. An ce ba ta ruɓewa, don haka bayan babu ni, babu Arɗo, babu wanda ya san sunan Idi Tela, wasu fararen kwami biyu za su kasance a bakin wata rijiya, yara suna mamakin me ya sa ɗaya yake da tsinin hanci.

Makon jiya na bi ta rugar. Shanu suna sha, ruwan ba ya zuba, Arɗo ya yi ta sa albarka yana yi wa Baba addu'a, na ce amin. Na zagaya na tsuguna inda aka yanka, na shafa bakin da yatsa. Ban san ko Baba zai yafe mini ba, wannan sai mun haɗu. Amma na san abin da zai fara yi kafin ya ce komai, don haka yake yi wa duk yadin da wani ya yanka: zai kanne ido ɗaya ya bi bakin yankan ya ga ko ya karkace.

Bai karkace ba, Baba. Yadda ka koya mini na ja shi.